Agogon Alhaji Korau

An ce wai a wani gari mai babbar kasuwa an yi wani maƙerin agogo, ana kiransa Malam Jatau. Ka ji na ce maƙeri, ban ce mai gyara ba, domin masu canja batir sun cika gari, amma wanda zai zauna ya yanka 'yan tayoyi masu haƙora daga tagulla, ya jera su da hantsaki ɗaya bayan ɗaya har abu ya soma bugawa, shi kaɗai ne a ƙasar. Rumfarsa ba ta fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. A shekara ba ya ƙera fiye da agogo uku, kuma mutum ne wanda in ka ji kalma goma daga bakinsa a yini, to ranar ya yi surutu.

A garin akwai wani attajiri, falken riɗi da citta, Alhaji Korau. Mutum ne mai kyauta, mai zafin rai, wanda ba a taɓa ganinsa shi kaɗai ba, kullum da mutane bakwai ko takwas a bayansa. Wata rana ya zo rumfar ya ce, "Malam Jatau, agogo nake so wanda babu irinsa a hannun kowa. Ba na son batir, ba na son in riƙa murɗa shi kowace safiya."

Malam Jatau ya ce, "Akwai irinsa, Alhaji. Zan sa masa wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata a ciki. Duk sanda hannunka ya motsa, ƙarfen zai yi lilo ya ɗaure sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke tafiyar da agogon, motsinka ne abincinsa. Amma sai ka ba ni wata tara."

Suka yi musafaha a kan haka. Malam Jatau ya auna tsintsiyar hannunsa ta hagu da zare, ya ƙulla, ya rataye a ƙusa.

To, Allah mai yadda ya so. A cikin watannin nan tara wata lalura ta sami Alhaji Korau, hannunsa na hagu ya saki, ba ya iya ɗaga ko kofin shayi da shi. Ya ɓoye abin ƙwarai, domin yana tsoron abokan fatauci su ce ƙarfinsa ya ƙare su janye jiki. Ya koma sa manyan riguna, hannun yana kwance cikin aljihu ko bisa cinya, ban da iyalinsa babu wanda ya sani.

Ranar da agogo ya kammala, kasuwa ta taru kallo. Kai, abin ya yi kyau! Fuskarsa fara sol, bayansa gilashi, kana ganin 'yan tayoyin suna ta aikinsu. Malam Jatau ya kama hannun Alhaji na hagu zai ɗaura masa, ya ji hannun ya zo masa da nauyi, babu ƙarfi a cikinsa ko kaɗan. Ya ɗaura, bai ɗaga kai ba.

Bayan kwana biyu agogo ya tsaya cak. Alhaji ya dawo da jama'arsa, Malam Jatau ya girgiza agogon ya tashi. Kwana biyu kuma ya sake tsayawa. A zuwa na uku Malam Jatau ya ce a hankali, "Alhaji, ko za ka riƙa murɗa shi da safe?"

Alhaji ya ce, "Haba! Abin da na ce ba na so tun farko ke nan. Wata tara kana ɓata mini lokaci, ashe algus ka haɗa mini?"

Shi Alhaji har ga Allah bai kawo hannunsa a rai ba, ya manta bayanin rabin wata tun ranar da aka yi shi, fushi kuma ya hana shi tunani. Shi kuwa Malam Jatau ya san in ya ce a mayar da agogon hannun dama, tambayar da za ta biyo baya ita ce, me ya sami na hagun? Ga mutum takwas a tsaye sun kasa kunne. Ya haɗiye maganarsa, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Alhaji ya kai ƙara wurin Sarkin Kasuwa Bagudu. Al'adar kasuwar nan kuwa, duk mai sana'ar da aka tabbatar ya yi algus, ana ɗaukar teburinsa da rana tsaka a fitar da shi bayan ƙofar kasuwa, kuma ba ya dawowa har abada. Shekara talatin da ɗaya teburin Malam Jatau yana wurinsa.

Sarkin Kasuwa dattijo ne da ya tsufa cikin rabon gardama. Ya zauna a rumfarsa, mutane sun yi dafifi, ya saurari Alhaji har ya gama. Sannan ya ce, "Jatau, ka ji abin da aka ce. Me ke bakinka?"

Malam Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi aikina iyakar sanina. Ba ni da abin da zan ƙara."

"Ka san abin da shirunka zai jawo wa teburinka?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

Jama'a suka soma gunaguni, wasu na cewa ai mara gaskiya ko a ruwa gumi yake. Sarkin Kasuwa ya karɓi agogon, ga shi a mace. Yana juya shi yana duban gaba da baya, sai ya ga rabin watan nan ya yi lilo, agogo ya farka ya kama tafiya a tafin hannunsa. Dattijon ya miƙa wa Alhaji, ya ga ya karɓa da dama, ya ajiye a cinya, ya jawo hannun rigarsa da daman dai ya rufe na hagu. Sarkin Kasuwa ya waiwaya wurin Malam Jatau, ya tarar ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Nan dattijo ya gane komai, ya kuma gane irin tsaka mai wuyar da ya shiga. In ya faɗi abin da ya gani, ya tsiraita mutumin da ke rufe da lalurarsa a gaban kasuwa. In ya yi shiru, an fitar da teburin mai gaskiya.

Ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ranar da kuka ƙulla maganar nan, da me kuka ƙulla ta?"

"Da musafaha, ranka ya daɗe."

"Da wane hannu?"

"Da dama mana."

Sarkin Kasuwa ya ce, "To, ni ba na karɓar shaida daga wanda ba ya wurin da aka yi magana. Hannun dama ne ya ɗauki alkawari, hagu bai san an yi ba, don me za a tambayi hagu? Ku ɗaura agogon nan a hannun da ya yi musafaha, ya kwana bakwai a can, kada maƙerinsa ya taɓa shi. In ya tsaya, ni da kaina zan kama ƙafar teburin Jatau. In bai tsaya ba, maganar ta mutu."

Mutane suka yi dariya, wani ya ce tsufa ya fara taɓa Sarkin Kasuwa. Shi dai bai kula su ba.

Hannun daman attajiri kuwa yana hutawa? Gaisawa da mutum ɗari, jan carbi, damƙar riɗi a buhu a duba, nuna wa 'yan dako inda za su sauke. Kwana ɗaya, kwana uku, kwana biyar, agogo yana tafiya daram, ko ladan bai fi shi cika lokaci ba. A rana ta biyar Alhaji yana zaune ya ƙura wa rabin watan ido, ya motsa hannu ya ga ya yi lilo, sannan ya dubi hannunsa na hagu da ke kwance a cinya. Maganar wata tara ta dawo masa. Ya tuna wanda ya kama hannun nan ya ɗaura masa agogo, ya kuma tsaya gaban kasuwa ya zaɓi a fitar da teburinsa a kan ya tona masa asiri. Kunya ta rufe shi, har ya yi ƙwalla.

Rana ta bakwai aka sake taruwa. Alhaji Korau bai jira a tambaye shi ba, ya miƙe ya ce, "Jama'a, ku shaida na zalunci Malam Jatau, ina roƙonsa gafara. Agogonsa ba shi da aibi ko na ƙwayar gero. Laifin ba na agogo ba ne, laifin na..."

Sarkin Kasuwa ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa, Alhaji. Ƙarar agogo aka kawo mana, agogo kuwa ya fita. Ba mu tambaye ka na wane ne ba."

Malam Jatau ya taso ya miƙa masa hannun dama, suka gaisa, ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Alhaji." Kasuwa ta ɗauka gaisuwa ce kawai.

Shi ya sa masu hankali suke cewa, gano gaskiya rabin shari'a ne, sauran rabin shi ne a fito da ita ba tare da an yaye wa kowa riga ba.