Rasidin Dinari Biyar a Kasuwar Alhamis

Shazli bin Hattab shi ne sakataren yaɗa labarai na Jam'iyyar Gyara a garinmu, Bir Zaruk, kuma duk wanda ya san shi ya san Allah ya ba shi baki. In ya zauna ya rubuta takardar neman gudummawa, marowaci ma sai ya laluba aljihu. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: bai ɗauki ƙarya a bakin komai ba, muddin don jam'iyya aka yi ta. In ka yi masa magana sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Siyasa ce." Har yau in na tuna murmushin da yake yi in ya faɗi haka, sai raina ya ɓaci.

Shekarar da abin ya faru, zaɓen majalisar gari saura wata biyu. Jam'iyyar Gyara ce ke riƙe da majalisa, Si Munji na kan kujerar shugaba (Si lakabin girmamawa ne a garinmu, kamar Malam). 'Yan adawa kuwa magana ɗaya suka kama. Ɗan takararsu, wani tsohon malamin makaranta mai suna Lutfi, ya dinga bin shagunan shayi yana cewa in Gyara ta dawo, kuɗin rumfa da ake karɓa duk ranar Alhamis zai tashi daga dinari biyu zuwa biyar. Maganar ta shiga kasuwa ta zauna. Masu ƙwai da masu ganye suka fara ɗaure wa 'yan Gyara fuska.

Shazli ya tafi ofishin shugaba a fusace.

"Si Munji, tsohon nan zai kashe mu da ƙage. Ka ba ni dama in yi kaca-kaca da shi."

"Rufe ƙofar tukuna," in ji Si Munji. Ya cire tabarau ya murza ido. "Ba ƙage ba ne. Ka san duk shekara muke gwanjon karɓar kuɗin kasuwa. An yi na baɗi, ɗan kwangila ya riga ya sa hannu. Dinari biyar ne daga Janairu. Magudanar kasuwa ta mutu, rufin ɓangaren nama yana zuba, ina zan samo kuɗin? Ni tunanina mu fito mu faɗa musu kawai. Biyar ne, ga abin da za a yi da shi."

Shazli ya tuntsire da dariya. "Ka faɗa wa mai sayar da ƙwai haka ana saura wata biyu zaɓe? Haba shugaba! Kai dai ka yi shiru, ka bar ni da su. Bayan zaɓe mu ce gwamnatin sama ce ta tilasta mana."

Si Munji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya mai da tabarau ya ci gaba da duba takardunsa, kuma Shazli ya ɗauki wannan a matsayin izini.

Sai dai asusun jam'iyya babu ko abin sayen tawada. Don haka Shazli ya rubuta roƙonsa, ya tura a wayoyi, ya manna a bangon tasha:

"Ya ku mutanen Bir Zaruk! Maƙaryata sun taso mu a gaba. Suna cewa za mu ƙara muku haraji. Su suna da attajirai a bayansu, mu ku kaɗai gare mu. Kawo dinari biyar, kawo goma, mu buga takarda dubu biyar, mu ɗauki motar lasifika, mu toshe musu baki. Ko milim ɗaya ba za a ƙara ba!"

Ku duba rashin kunya. Mutanen da za a ɗora wa kayan, su ne ake roƙo su biya kuɗin da za a yaudare su da shi.

Mako guda ya wuce, abin da aka tara bai kai kuɗin man mota ba. 'Yan kasuwa sun sha jin alkawarin 'yan siyasa. Nan ne Shazli ya tuna da yayarsa.

Mabruka ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta biya masa kuɗin makaranta da ribar barkono. Shekara ashirin da shida tana rumfa ɗaya a kasuwar Alhamis, tana sayar da harisa, wato niƙaƙƙen barkono, da zaitun da lemon tsami na gishiri. Ba ta yi boko ba, amma adashen matan kasuwa a hannunta yake, kuma in biyu sun yi faɗa kan iyakar rumfa, abin da ta ce shi ne hukunci. Babu mai neman shaida a kan maganar Mabruka.

Ya same ta a tsakar gida tana cire 'ya'yan barkono.

"Yaya, taimako nake nema. Matan nan ba sa jin kowa sai ke."

Ta saurare shi har ya gama, hannunta bai tsaya ba. Sannan ta ture faranti gefe.

"Shazli, dube ni. Ba da idon taro ba, da idon da kake kallona kana ƙarami. Za a ƙara ko ba za a ƙara ba?"

"Wallahi Yaya ba za a ƙara ba. Ni da nake cikin ofis? Da akwai wani abu ai ke zan fara gaya wa."

"Ka san Jannat marayu huɗu take ci da su da kwandon ganye. Ranar da ba ciniki, biyun ma da ƙyar take haɗawa."

"Na sani. Shi ya sa nake so mu kare su daga tsohon nan."

Ta yarda. Wa zai ƙi yarda da yaron da ya goya?

Ranar Alhamis ta ɗauki gwangwanin tumatir babba ta bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya. Zuhra mai ƙwai ta riƙe ƙugu.

"Mabruka, ƙanin nan naki in ya ce min rana ta fito, sai na leƙa waje na gani."

"Ke dai bakinki ba ya hutawa. Ya rantse mini."

"To ni ba shi na ba ba, ke na ba." Ta jefa goma.

"In ƙarya ce, a wuyana," in ji Mabruka. Haka ta dinga faɗa a kowace rumfa. Jannat ta kwance bakin mayafi ta ba da uku, tana ba da haƙuri cewa ba yawa. Kafin la'asar gwangwani ya cika. Da maza suka ga Mabruka ce a gaba, mahauta da masu kifi su ma suka sa hannu.

Shazli ya karɓi kuɗin yana tsalle. Ya kwana biyu yana yaba wa kansa a shagon shayi, yana cewa shi ya san yadda ake taɓa zuciyar talaka. Ko sau ɗaya bai tsaya ya yi tunanin abin da zai ce wa yayarsa ranar Alhamis ta farko a watan Janairu ba. Mutum ne da lissafinsa ba ya wuce ranar zaɓe.

Maɗaba'a ɗaya ce a Bir Zaruk, ta Ammi Tijani. Katin biki, sanarwar rasuwa, takardar siyasa, duk a injinsa suke fita. Kuma kowa ya san ɗabi'arsa: ba ya jefar da takarda. Duk shafin da tawada ta ɓata sai ya tara a kusurwa, da shi yake naɗe kayan mutane. An taɓa kai wa ango katinsa a naɗe da sanarwar rasuwar wani, aka yi ta dariya wata guda. Shazli ya san da wannan sarai. Abin da bai sani ba, ɗan kwangilar kasuwa ya ji takarda za ta yi tsada, ya riga ya kawo aikin rasidan baɗi tun makon da ya wuce.

Takardun jam'iyya suka fito da safiyar Alhamis. Shazli yana ɗokin hawa motar lasifika, bai tsaya ya buɗe ko ɗauri ɗaya ba. Ya ce wa Ammi Tijani a kai su rumfar Mabruka kai tsaye, mata su raba.

Mabruka ta yanke igiyar ɗauri na farko da wuƙar zaitun. Ta warware takardar da aka naɗe da ita za ta yar, sai ta tsaya. Ba ta karanta haruffa, amma wannan takarda ta san ta: ruwan hoda, hatimin majalisa a tsakiya, lamba a kusurwa. Ita ake miƙo mata duk Alhamis shekara ashirin da shida. Sai dai wannan ba a yanka ta ba, rasidi arba'in ne jere a shafi ɗaya, kuma a kusurwar kowanne, inda ta saba ganin biyu, biyar ce zaune.

Ta kira Hamadi mahauci. "Karanta mini wannan."

Hamadi ya goge hannu a rigar aiki. "Kuɗin rumfa, kasuwar Alhamis. Dinari biyar. Daga watan Janairu." Ya ɗago ya dube ta, ya miƙa mata takardar.

Ɗauri ashirin aka kawo, duk da irin takardar aka naɗe su. Kafin minti goma ta zaga kasuwa hannu zuwa hannu. A daidai lokacin motar ta shigo, Shazli a tsaye a baya, jijiyar wuya a miƙe: "Ko milim ɗaya! Ko milim ɗaya!"

Mutane suka tare hanya har direba ya taka birki. Mabruka ta ratso su da takardar a hannu.

"Sauko."

"Yaya, muna cikin aiki..."

"Na ce ka sauko!"

Ya sauko. Ya ga takardar, amma harshen da ya saba bai tsaya ba. "Wannan sharrin Lutfi ne. Ko kuma kuskuren maɗaba'a."

Ammi Tijani, wanda ya kawo takardun da kansa, yana nan bai tafi ba, yana sayen kifi. "A'a, Si Shazli, kar ka shafa mini. Ni abin da aka kawo nake bugawa. Da hatimin majalisa aka kawo shi, da sa hannun shugabanku."

Zuhra ta tafa hannu. "Sannu malam mai baki! Goma na ba ka ka saya mini ƙarya, ashe har da takardar naɗi kyauta!"

Shazli ya matso kusa da yayarsa ya rage murya. "Yaya, mu je gida in yi miki bayani. Siyasa ce, kowa haka yake yi."

"Ka sani ranar da ka zo gidana?"

Ya kau da kai ya dubi motar.

"Ka sani, kana kallon idona kana kiran sunan Allah?" in ji Mabruka a fusace. "Ka ga Jannat? Dube ta! Uku ta ba ka, na abincin 'ya'yanta. Da ka ce min biyar ne, da mun zage ku mun biya. Amma ka ɗauki fuskata ka yi bara da ita. Shekara ashirin da shida ban ci milim ɗin kowa ba a kasuwar nan, kai ka mai da ni mayaudariya a wuni ɗaya!"

Ta juya ta koma rumfarta ta fara ɗaure kaya, ko azahar ba ta yi ba.

Kafin yamma Si Munji ya fitar da sanarwa cewa shi bai taɓa cewa ba za a ƙara ba, sakatare ne ya yi gaban kansa, kuma an dakatar da shi. Gyara ta faɗi zaɓe warwas. Dinari biyar ɗin kuwa ya zo a Janairu kamar yadda aka rubuta, don kwangila ta riga ta ɗauru.

Mabruka ta sayar da awarwaron zinariya biyu da ta gada, ta bi mata gida-gida ta mayar wa kowace abin da ta bayar. Suka ce ba laifinta ba ne, ta ce ita ta ce a wuyanta. Ta miƙa adashe ga Zuhra. Ta ce bakin da ya taɓa kai mutane rami bai kamata ya sake yanke hukunci ba, kuma ba ta ƙara buɗe rumfar ba.

Sai da aka yi wata uku Shazli ya samu ƙarfin halin zuwa gidanta, ranar wata Juma'a, lokacin da ta saba dafa kuskus. Ya yi shirin zagi, har mari ya shirya wa. Da ta zage shi da ya ji sanyi. Amma ta buɗe ƙofa ta yi masa maraba da ladabi, ta wuce da shi ɗakin baƙi, inda bai taɓa zama ba tun da aka gina gidan. Ta kawo shayi a kofunan da ake fito wa surukai da su, ta zauna nesa a bakin kujera. Yana jin ƙamshin abinci daga tsakar gida, yana jin jikokinta suna rigima kan cokali, ba wanda ya ce ya shigo.

"Yaya..." in ji shi.

"Bismillah, Si Shazli, sha kar ya huce," ta ce. "Akwai abin da ya kawo ka?"

Ya shanye shayin, ta raka shi har bakin ƙofa, ta ce ya gaida mutanen gida.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. In kana neman taimakon mutane don ka kare kanka daga abin da abokin hamayya ya faɗa, fara tambayar kanka ko gaskiya ya faɗa. In gaskiya ce, fito ka amsa ta, ka yi bayani, ko da za a zage ka. Mutane suna iya jure haraji mai nauyi, amma ba sa yafe wa wanda ya karɓi kuɗinsu ya rufe musu ido da shi. Mafi muni kuma, kar ka ari amanar mutumin kirki ka lulluɓe ƙaryarka, don ranar da asiri ya tonu shi zai biya, kai kuma ka rasa shi. Kujerar da Shazli ya yi wa ƙarya ana sake zaɓenta bayan 'yan shekaru, amma yayarsa ɗaya ce.