Ruwan Dagaci

Lokacin da aka fara haƙar dalma a ƙauyenmu, Dagaci ya ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa nasa ne. Damina ta cika ramin wani mai haƙa, Mantau, da ruwa, amma Dagaci ya ce ya kawo dalma ko ya bar gari.

Mantau ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwanka ne ya danne dalmarka. Ni da wandona ma na aro ne, ina ni ina zubar da dukiyarka?"

"Ruwan ba nawa ba ne!"

"Ashe ba duka ne naka ba?"

Dagaci ya tura barorinsa da guga su kwashe ruwan. Har yau muna alfahari da Mantau. Ya kayar da Dagaci, ya samu busasshen rami, ya ci gaba da haƙa masa.