Binciken da Baffa Ɗan'iya Ya Yi a Kebbe

Akwai wani dattijo a Tambuwal, Baffa Ɗan'iya, wanda ko gaishe shi ka yi sai ya auna me kake nufi. Shi dangi suka tura Kebbe binciken Mannir, saurayin da aka kawo kayansa na neman auren Lauratu, 'yar ƙanin Baffan.

Da ya sauka daga babur bai nemi gidan su Mannir ba, sai ya zauna wurin mai shayi, ya tambaye shi halin yaron.

"Yaron na da hankali," in ji mai shayin. "Amma tun da yad dawo daga jami'a, shi da taurari. Wuni shikai gaban kwamfuta, shina cewa wagga ta tsufa, wagga sabuwar haihuwa ta."

Baffa ya ce a ransa: Boka mai digiri! Nan take ya buga wa ƙaninsa waya: "A maida masu kayansu yau. Ba mu ba boka ɗiya."

Sai bayan haka ya tafi gidan, wai zai kama yaron dumu-dumu.

"Ɗana, duba man tauraron ɗiyata, ka gaya man abin da za ta samu."

Mannir ya juyo masa kwamfutar. Baƙin fili ne da ɗige-ɗigen haske.

"Baba, ko gobe ban sani ba, Allah kaɗai Yas sani. Karatu nikai. Wanga ɗan gungun taurari na, can nesa shi ɗai, kamar ruga tsakar daji. Da launi da haske muka gane shekarun kowace. Gungun ya fidda taurari tun farko, yay yi tsit zamani mai tsawo, kana yas sake fiddawa. Dalilin tsayawar nika biɗa."

Baffa ya juya tambayar nan, ya juya ta can, bai samu komai ba sai ladabi. Kunya ta rufe shi. Ya fito yana ta kiran ƙaninsa, waya ta ƙi shiga.

Kafin ya isa Tambuwal an riga an kai kayan wurin kawun Mannir da ke garin, har da dalili. Washegari mahaifin yaron ya aiko: "Gidan da anka kira ɗana boka, ba mu komawa."

Har yau Lauratu tana durƙusawa ta gaida Baffa, amma ba ta ƙara kallon fuskarsa ba.

Darasi: Kada ka yanke hukunci kafin ka ji daga bakin mai abu. Abin da ba ka gane ba, tambaya. Ku tura wa duk wanda ake aikawa binciken aure.