Usama da Man Giyar Motar Yayansa

Akwai wani matashi a Tambuwal mai suna Usama, ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, salla ba ta wuce shi. Ciwonsa ɗaya ne: zuciya. Ka yi masa kallon da bai gane ba, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya tsaya sai kun yi ta. A gidansu an daɗe da daina aikensa duk inda ake buƙatar haƙuri.

Mutum ɗaya ne bai cire rai da shi ba, wansa Abdulkarimu, malamin asibiti. Duk rigimar da Usama ya jawo, shi ke zuwa ya ba da haƙuri, ya dawo ya ce wa dangi, "Ku bar shi, zai yi hankali."

Abdulkarimu yana da wata mota 'yar tsere, shuɗiya, mai ƙofa biyu, cikinta kusan a ƙasa. Tsohuwa ce, 'yar Kwatano, amma ya sha wuya kafin ya mallake ta, kuma yana ji da ita ƙwarai. Da aka tura shi kwas Zariya, sai ya tara mutanen gida ya ɗora makullin a tafin Usama. Mahaifiyarsu ta ce a gaban kowa, "Wanga yaro za ka bar ma mota? To, Allah shi kyauta."

Abdulkarimu ya ce, "Na yarda da shi, Inna." Sannan ya juya ga ƙanensa. "Abu guda nika so. Man giyarta ya tsufa. Ka kai ta wurin Uthman bakanike shi canza, kuma duk abin da yac ce, ka bi."

Wannan yardar ita ce kaɗai abin da Usama ke tinƙaho da shi a duniya, kuma ya san haka.

Ranar wata Asabar ya kai motar garejin Uthman. Uthman ya hau da ita kan rami, ya kwance murfin ƙasan giya, tsohon man ya tsiyayo cikin wani tsohon daro, ja da ya dafe, yana warin ƙuna. Ya canza filta, ya wanke murfin, ya mayar.

Yana aiki yana yi wa Usama bayani. Giyar motar otomatik ce, man ne ke juya komai a cikinta, shi ne kuma ke sanyaya ta. Irin man da take sha ba a sayar da shi a Tambuwal, daga Sakkwato aka saya aka ba direbobin haya saƙo. Galan guda ya iso da safe, sauran yana cikin motar da za ta iso bayan azahar.

"Na zuba wanda ya samu," in ji Uthman. "Amma ba ta ƙoshi ba. In sauran ya zo, sai in tada inji shi yi zafi, in bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, in auna, in cika. Kafin nan ko ƙofar gareji kada ta fita."

Suka tura ta ƙarƙashin bishiyar darbejiya don wata motar ta hau ramin. Uthman ya rataye makullin a ƙusa, ya hau babur ya nufi tasha jiran saƙon.

To, a ranar ana suna a Kebbe, gidan gwaggonsu, dangi duk sun hallara can. Ɗan gwaggon, Jamaluddeen, wato taubashin Usama, ya shigo Tambuwal da hantsi sayen lemo da goro. Wucewa ya yi ta gaban garejin, ya ga motar a kan rami jan mai na zuba, ya ɗauki hoto ya yi gaba abinsa.

Usama na zaune a benci wayarsa ta fara ƙara. Ya buɗe zauren dangi na WhatsApp, sai ga hoton, a ƙasa an rubuta: "Inna lillahi. Usama ya yanka motar Yaya, ga jini nan. Ni dai a aje mini cinya."

Kafin ka ce me, dariya ta cika zauren. Wannan ya ce ai an faɗa tun farko. Wancan ya ce ai ta ma yi ƙoƙari da ta kai yau.

Jama'a, wa bai san wasan taubasai ba? Ya tsokane ka, ka rama da wadda ta fi zafi, a yi dariya a tashi. Tun suna yara haka suke. Da Usama ya rubuta cewa cinya ta fi ƙarfin haƙoran Jamalu, da magana ta mutu a nan. Amma ina. Sai ya danna kira.

"Kai Jamalu, mi kaka nufi da wanga hoto?"

"Abin da nig gani na faɗi, ɗan kawu. Ko ba jini ba ne?"

"Juyen mai aka yi, jahili."

"To, in tana da rai ka taho da ita suna mu gani. In ko ba ta tashi, faɗa mini in aiko maka jaki."

Usama ya ji dariyar mutane a bayan muryar, maza da mata. Ya kashe wayar. Ya dubi motar, ya dubi makullin da ke lilo a ƙusa. A ransa ya ce ai an zuba mai, galan guda ba wasa ba ne, bakanikai dai sun iya cika baki. Zai je Kebbe ya tsaya a ƙofar gidan sunan, ya taka mata totur sau ɗaya kowa ya ji, ya juyo. Kafin Uthman ya gama surutu a tasha, shi ya riga ya dawo.

Ya ciro makullin ya tada ta. Ta tashi lafiya, ta kuma tafi. Wannan ne ya ƙara ruɗarsa.

A kan kwalta ba ta nuna komai ba, har yana murmushi yana shirya baƙar maganar da zai yaɓa wa Jamaluddeen. Da ya sauka kan hanyar Kebbe, inda damina ta bar ramuka da yashi, sai ta fara gardama. Ya taka, inji ya yi ihu, mota ta yi jim kafin ta zabura. Wata fitila ta kama a gabansa. Wani wari ya fara shigowa, irin na tuwon da ya kama a tukunya.

Wayarsa ta yi ƙara, Uthman ne. Ya ƙi ɗauka. Ta sake, ya ɗauka a fusace.

"Usama, ga sauran man nan a hannuna. Duk inda kake, tsaya ka kashe ta. Ina tahowa bisa babur in same ka."

"Na kusa kaiwa."

"Don girman Allah ka tsaya. In ka tsaya yanzu ana iya ceto ta."

"Motarka ce ko ta gidanmu?"

Ya jefa wayar kan kujera.

Wallahi nan ne abin ke ƙona mini rai. Ba rashin sani ba ne. An faɗa masa da safe, motar ta faɗa masa da kanta, an kira shi an haɗa shi da Allah. Ba mara lafiya ya ɗauko ba, ba gobara zai je kashewa ba. Wai don kada taubashi ya yi masa dariya, mutum da gemunsa.

A wani kwari mai yashi, inda ake hango rufin kwanon Kebbe daga nesa, motar ta tsaya. Inji na aiki, taya ba ta motsi. Ya sa ta gaba, shiru. Ya sa ta baya, shiru. Ya yi ta taka totur yana dukan sitiyari yana zagin Jamaluddeen, har hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashinta. Sai a lokacin ya kashe, ya fito ya tsaya a rana, zufa na bin bayansa.

Wani manomi da ke dawowa da shanun huɗarsa ne ya tausaya masa. Aka ɗaura igiya, bijimai biyu suka ja motar a hankali har cikin gari. Haka Usama ya isa gidan suna, yana riƙe da sitiyari, shanu na gaba.

Mutane suka fito daga rumfa suka tsaya. Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi masa ciwo. Jamaluddeen ya matso, fuskarsa ta canza, ya ce a hankali, "Haba ɗan kawu. Wasa fa nika yi."



Labari ya riga shi isa Zariya. Da Abdulkarimu ya zo hutun ƙarshen mako, garejin ya fara zuwa. Uthman ya riga ya jawo motar daga Kebbe, ya sauke giyar ya buɗe, ya nuna masa kayan cikinta sun ƙone ƙurmus, ya ce sai dai a nemo wata, kuma irinta ba a cika samu ba. Abdulkarimu ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya ga ƙanensa.

"Uthman ya ce maka kada ta fita?"

"Ya ce."

"Ya kira ka a hanya ya ce ka tsaya?"

"Ya kira."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Usama ya shirya wa zagi, ya shirya wa mari, har ya tanadi amsar da zai bayar a kan Jamaluddeen. Ba a tambaye shi ba. Aka turo motar gida aka lulluɓe ta da tamfol. Abdulkarimu ya ci gaba da amsa gaisuwarsa, suna cin tuwo a kwano ɗaya, bai sake tada maganar ba.

Ranar da zai koma Zariya, ya fito ƙofar gida da jakarsa. Akwai makullin babur da na ɗakin hatsi, ga kuma iyalinsa da za a riƙa dubawa. Usama na tsaye kusa da shi kamar yadda ya saba. Da ya ga wansa ya sa hannu a aljihu, sai ya fara miƙa nasa hannun.

Abdulkarimu ya ɗaga murya ya kira maƙwabcinsu Malam Atiku, wanda ke zaune a dakalinsa. Ya ba shi makullan, ya ce, "Malam, ga gidana nan, amana." Sannan ya dubi ƙanensa, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Kai ma in kana buƙatar wani abu, ka tambayi Malam Atiku."

Ya hau babur ɗin ɗan acaɓa ya nufi tasha. Usama ya daɗe a tsaye a wurin kafin ya sauke hannunsa.

Darasi: Fushi ba ya barin mutum ya jira, kuma abin da ka ɓata cikinsa ba duka ake samun gyaransa ba. Giyar mota, in an dage da nema, wata rana a dace. Yardar mutumin da ya tsaya maka lokacin da kowa ya juya baya, in ka ƙona ta, ba bakaniken da zai taɓa ta. In an ba ka amana, kada dariyar wani ta sa ka wasa da ita. Ku tura wa duk mai saurin hawa da kuka sani, ko Allah zai sa ya karanta kafin ya ciro makullin.