Zagon Wakkala da Malamai Uku

To, ku aje wayoyin nan ku matso. Wannan ba ta barci ba ce, in na gama sai kun yanke mini hukunci.

A wata kwaleji ta bakin kogi akwai sashen ilimin halittu. Shekara da shekaru karatun wurin shi ne malami ya juya baya ya cika allo, ɗalibai su kwafa su haddace. 'Ya'yan masunta da na makiyaya ba sa ko leƙowa, wanda ya yi kuskuren shiga kuwa kafin zango ya ƙare ya tattara ya gudu. Abin ya ishi malamai uku, suka ce sai sun canja, kowa ya kama tasa hanya.

Malama Baraka ta ce ita ba ta jiran ɗalibai su zo. Ta riƙa shiga kwalekwale tana bin tungayen masunta, ga ta da tsoron ruwa kamar kaza. A Tungar Maje ta tarar da Kulu, 'yar wani masunci Wakkala, ta gama sakandare tana bandar kifi. Ta tambaye ta sunayen kifaye, yarinya ta jero fiye da talatin, har da lokacin da kowanne yake ƙwai. Malama ta ce mata ai rabin abin da suke koyarwa ke nan. Sau biyar tana komawa kafin Wakkala ya yarda 'yarsa ta shiga kwalejin. Ran da 'yan aji suka toshe hanci wai Kulu tana warin banda, ta ɗaure kayanta ta nufi tasha, Malamar nan ce ta bi ta a ƙafa ta sauko da ita daga mota.

Malam Bitrus shi kuma ya ce ya daina zana abin da ido zai iya gani. Ya kwaso tsofaffin maduban ƙara girma da suka yi tsatsa a sito, ya gyara su ɗaya bayan ɗaya, har yana ba ɗalibai aro su je da su gida. Ya ce kowa ya kawo ruwa da katantanwar garinsu. Kulu ta ɗebo nata a wani gurbi da ake kira Gurbin Kaka, inda ubanta yake tsayawa ya kafa ragarsa ta koma in an buɗe kamun kifi. Malam ya sa katantanwar a kofin gilashi, ya aje a rana, can ya ɗiga ruwan ya ce ta leƙa. Ta ga wasu 'yan abubuwa masu wutsiya biyu suna wutsil-wutsil. Ya ce su ne tsargiya: ta fata suke shiga, su zauna a jijiyoyin ciki su yi ta ƙwai, hanta ta lalace, ciki ya kumbura, wata rana mutum ya yi aman jini. Kulu ta tuna shekara biyu ke nan cikin ubanta yana tasowa.

Malam Isiyaku kuwa, kai, wannan mutum da taurin kai yake! Shi a wajensa ba ka ci jarrabawa ba sai ka bayyana darasi da Hausa ga wanda bai taɓa shiga aji ba. Tsohuwa mai ƙosai ta bakin ƙofa da maigadi su ne alƙalansa. Sau biyu ya kayar da Kulu, har ta yi kuka ta ce ya tsane ta. Ya ce mata babba ba a ce masa ya yi kuskure: a durƙusa, a gaishe shi, a nuna masa, a bar shi ya gani da idonsa.

Ana nan, mako biyu da ɗebo katantanwar, aka kira Kulu a waya wai ubanta yana aman jini. Ta ari madubi ta taho.

Ashe abin da ta manta, Gurbin Kaka ba a ɗaukar ko tsinke a cikinsa sai Sarkin Ruwa ya buɗe shi, ita kuwa a rufe ta shiga, kuma an gan ta. Ta iske tunga ta yi tsit, mata suna kauce mata a hanya. Dattawa sun gama magana: masu ruwa ne, wato iskokin gurbin, suka kama uba da laifin 'ya, za a kwantar da shi a bakin gurbin, ruwa har ƙirji, kwana uku, ko a samu su huce. Asibiti kuwa babu mai tura kwalekwale. Wakkala yana kan tabarma, idonsa ya yi fari fat, ga ƙwarya a gefensa an rufe da faifai. Ta ɗaga faifan, ta yi sauri ta mayar.

Tsoro iri biyu ya kama ta. In aka sa shi a ruwan nan ba zai ga kwana uku ba, wannan ta sani. Amma a tungar aka haife ta, kuma can ƙasan zuciyarta wani abu yana ce mata anya ba ita ta kashe shi ba?

Ta je gaban Sarkin Ruwa ta durƙusa. Ta ce, "Baba, ban zo musu ba, na yi laifi. Alfarma ɗaya nake roƙo, ka duba abin da ke cikin ruwan kafin ka sa ɗan'uwanka a ciki."

Tsoho ya je gurbin ya ɗebo katantanwa da hannunsa, don shi kaɗai ke da iko. Ya ba ta zuwa tsakar rana. Ta sa su a kofi a rana. Ta ɗiga ta leƙa, babu komai. Ta sake, babu. Ba kowace katantanwa ke ɗauke da abin ba, Malam Bitrus ya faɗa musu, kuma wannan ne ya fi tsinka mata zuciya. Rana ta take, inuwa ta koma ƙarƙashin ƙafa, maza huɗu suka kama bakin tabarmar Wakkala. Uwarta ta fara salati. Kulu ta ɗiga na ƙarshe, sai ga su, wutsil-wutsil. Ta matsa gefe. Sarkin Ruwa ya kanne ido ɗaya ya leƙa, ya ja da baya yana goge hannun da ya taɓa ruwan a rigarsa. Ya tambaya ko wannan abu yana shiga mutum, ta bayyana masa kamar yadda ta bayyana wa mai ƙosai. Ya juya ya ce a turo babban kwalekwale.

A asibiti aka yi wa Wakkala ƙarin jini, aka tsayar da aman, aka ba shi magani. Likita ya ce da an ƙara yini ɗaya sai dai gawa. Wakkala ya tashi. Da shekara ta zagayo, yara goma sha ɗaya daga tungayen nan suka shiga sashen.

To, ga inda maganar take. A Tungar Maje, wanda aka ceci ransa yakan miƙa zagonsa, wato mashin kamun kifinsa na gado, ga wanda ya cece shi, kuma ba ya sake taka ruwa sai ya miƙa. Ba a ba wanda yake jininka, saboda haka Kulu ta fita daga lissafi. Ba a kuma raba shi, zago ɗaya ne. Da ya gama doguwar jinya, Wakkala ya naɗe shi a tabarma ya ba ta, ya ce ita ta san malamanta. Yau wata biyu yana jingine a ɗakinta, ruwa ya fara janyewa, lokacin kamun kifi ya gabato, uban yana zaune a tudu yana kallon koma tana bushewa. Ita kuwa kullum ta ɗauka sai ta mayar, tana tsoron ta zalunci biyu.

Ba don Baraka ba, da Kulu tana gindin banda tana kallo a sa ubanta a ruwa. Ba don Bitrus ba, da ba ta san ciwon ba, ba ta kuma da abin nunawa. Ba don Isiyaku ba, da ta buɗe baki ta ce wa dattawa camfi suke yi, su kore ta da madubin nata.

To, ku da kuka iya surutu, ku gaya mini: ƙofar wa Kulu za ta aje zagon nan?