Mutumin da Ya Ƙi a Share Layi Uku

Akwai wani mutum da aka danƙa wa kula da umarnin da ake rubuta wa kwamfuta. Sashensa ƙarami ne: shi ne yake gaya wa na'ura lokacin da za ta yi sauri da lokacin da za ta lafa, don kada ta yi zafi, kada kuma ta shanye batir.

Da shekaru suka wuce, rubutun ya tara datti. Akwai layukan da suka daina aiki, akwai kuma wani tsohon bayani a gefe wanda ya riga ya zama ƙarya.

Wata rana abokiyar aikinsa ta zo ta ce, "Malam, ka bari in share layi ukun nan, in gyara bayanin."

Ya ce, "Wani abu ya lalace ne?"

Ta ce, "Tukuna."

Ya ce, "To bar shi. Muna da manyan ayyuka."

Bayan shekara biyu aka sa shi ya yi wani canji cikin hanzari. Ya karanta tsohon bayanin, ya gaskata shi, ya taɓa inda bai kamata ba. Duk na'urorin da ke aiki da rubutun suka daina hutawa.

Ɗaya daga cikin na'urorin nan tana wani asibitin ƙauye, tana tsaron firjin magani, don ta yi ƙara in sanyi ya ragu. Batirinta ya ƙare, ta yi shiru. Firjin ya tsaya, ba wanda ya sani. Aka kawo wani manomi da kububuwa ta sara, aka yi masa allura da maganin da ya riga ya lalace. Bai tashi ba.

Kwana tara mutumin nan ya yi yana neman kuskuren a cikin tarkacen da ya ƙi sharewa. Da ya same shi, sai ya rufe fuskarsa da hannu.

Ma'anar wannan misali ita ce: rubutun nan zuciyarka ce. Layukan banzan su ne ƙananan zunuban da ka saba da su, 'yar ƙarya, 'yar gaba da ɗan'uwa. Matar kuwa ita ce duk wanda Ubangiji ya aiko ya gargaɗe ka tun da sauran lokaci. Kana cewa ba abin da ya lalace. 'Yan'uwa, manomin nan bai taɓa ganin layukan ba, amma shi aka binne.