Yadda Jatau da Tabawa Suka Raba Ƙwayar Gwanda

Dalilin da ya sa kuke ganin wata gwanda ta yi fure har ta gaji ba ta haifi ko ɗa guda ba, wata kuma can gefe 'ya'ya sun yi mata nauyi a wuya, ku matso in gaya muku. Da ba haka take ba. Mutum biyu ne suka jawo, kuma ciki ɗaya suka fito.

A wancan zamani, a wani ƙauye na bakin fadama, akwai wata tsohuwa mai ajiyar iri, ana ce mata Iya Tumba. Allah ya ba ta jin abin da ke cikin ƙwayar iri. Takan ce kowace ƙwaya da raɗa a cikinta, wadda ta gada wurin uwarta. Raɗar ce ke gaya wa tsiro inda zai kafa saiwa da inda zai fid da ganye. In lokaci ya yi, ita ce ke kiran waɗansu ganyaye ta sake musu aiki: waɗannan su yi fari su yi ƙamshi don kiran ƙwari, waɗannan su ɗauki wata ƙura rawaya, na tsakiya kuma su haɗu su zama ɗan tulun da 'ya'ya za su kwanta ciki. Abin da muke kira fure ke nan. Gwanda a lokacin raɗarta cikakkiya ce. Kowane furenta da ƙura da tulu a ɗaki ɗaya, ba ta neman komai wurin kowa.

Wani dattijo mai lambu, Mantau, shi ya kawo gwanda garin daga wata tafiya mai nisa, kuma shi kaɗai ke da ita. 'Ya'yansa biyu, Jatau babba da ƙanwarsa Tabawa. Jatau ya tafi fatauci ya daɗe. Tabawa ita ta yi jinyar uban, ita ke ban ruwa, ita ke korar awaki. Shekarar da tsohon ya rasu iska ta kayar da bishiyar, ƙwari kuma suka shiga butar da ya ajiye iri suka cinye. Da aka zazzage, ƙwaya ɗaya ce tak mai rai.

Jatau ya dawo bayan an share makoki. Aka raba lambu, aka ja shinge tsakani, sai magana ta tsaya kan ƙwayar. Suka ɗauka suka je wurin Iya Tumba. Ta ce abu mai sauƙi, a shuka, in ta haifa kowa ya ɗibi iri. Jatau ya ce to, a gefensa. Tabawa ta ce wanda bai ga yadda ubansu ya ƙare ba, ba zai riƙe mata abin da ya bari ba. Tsohuwa ta yi lallashi har bakinta ya bushe, ba wanda ya sauko. Ƙarshe Jatau ya ce a tsaga ta biyu.

Iya Tumba ta ce za ta iya. Raɗar saiwa da ta ganye za su isa kowa, amma ta ƙarshe, ta fure, ba ta rabuwa daidai: ɗaya zai sami ƙura, ɗaya tulu. "Kuma ku sani," in ji ta, "abin da na tsaga ba ni da allurar ɗinke shi."

Jatau ya tambaya wane ɓari ne ya fi yawan fure. Ta ce mai ƙura. Ta buɗe baki za ta ƙara bayani, ya katse ta, ya ce shi ne babba, shi zai fara zaɓa, kuma ya zaɓa. A ransa yawan fure shi ne yawan 'ya'ya. Tabawa ta karɓi ragowar.

Kowa ya shuka nasa, duka suka tsiro. Ta Jatau ta riga yin fure, reshe-reshe suna lilo, ƙamshi har bakin hanya. Masu wucewa suka yi ta yaba masa. Ta Tabawa kuwa 'yan furanni ne manne da jikinta, sai an duba a gan su. Jatau yakan leƙo ta kan shinge ya tambaye ta ko tata ba ta da lafiya ne.

Sai furensa ya fara zuba. Ya sake yi, ya sake zuba. Ita kuwa tata ta ɗauki 'ya'ya har ana tokara ta da itace. Tabawa ta shiga rabo gida-gida, har da baƙi masu wucewa, amma ko ɓawo bai tsallaka shinge ba.

Ana nan matar Jatau ta kwanta ciwo, ba abin da ke zama a cikinta, ta ce gwanda kawai take marmari. Jatau ya haɗiye girmansa ya zagayo ya yi sallama. Ya tarar da ƙanwarsa tana yanka wata nunanniya a faifai.

Ya ce, "Tabawa, guda ɗaya. Ba don ni ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yaya, Baba ma ya yi ta kiran sunanka, abu guda ɗaya yake so, ya gan ka. Ka je ka tsinko mata fure, ai ka fi kowa."

Daga nan bai koma gida ba, ya wuce wurin Iya Tumba, ya ce ta cuce shi, ta ba shi juya. Tsohuwa ta kama hannunsa ta kai shi bakin shinge, ta ce ya tsaya ya duba. Ya ga ƙwari suna shiga furensa, su fito jikinsu rawaya, su tsallaka su sauka kan furen Tabawa. Ta ce masa duk gwandar da ya gani a can, rabinta daga nan ta tashi; ba don tasa ba, tulun ƙanwarsa wayam zai zauna. Ta faɗa ne don tana zaton in ya je ya gaya wa Tabawa haka, kunya za ta kama su duka su shirya.

Jatau ya daɗe yana kallon ƙwarin. Sa'an nan ya shiga bukka ya fito da adda, ya nufi tasa bishiyar. Jikin gwanda ba ƙarfi gare shi ba, sara kaɗan ta faɗi. Iya Tumba ta zauna a ƙasa ta dafe kai. Tun daga ranar ba ta ƙara gaya wa kowa abin da ta ji a cikin iri ba, har ta koma ga Allah.

Matar Jatau ba ta tashi ba. Bayan an rufe ta ya ɗaure kayansa ya bar garin, ba a sake jin labarinsa ba.

Bishiyar Tabawa ta ci gaba da fure, amma kowanne sai ya yi yaushi ya faɗo. Ta yi ban ruwa, ta zuba taki, ta zuba toka, a banza. Sai ta koma kan irin da ta shanya daga 'ya'yan farko, ta shuka da yawa. Da suka girma suka yi fure, ta ga abin da ya tayar mata da hankali: waɗansu irin tata ne, waɗansu kuwa sak ta Jatau, da dogayen rassan furensu. Tsagar ta shiga cikin jinin iri. Ta ɗauki adda ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Shekarar nan ba ta ci gwanda ba. Da ta sake shukawa ta sake sarewa, sai da ta zo kan ta ƙarshe, can ƙuryar lambu, ta tsaya da adda a hannu. Ta bar ta. Amma ta sa aka kafa zana ta tare wajen, don kada idonta ya riƙa sauka a kai. Har ta tsufa tana cin albarkacin bishiyar nan, ba ta taɓa zuba mata ruwa da hannunta ba.

Jefi-jefi akan sami gwandar da ta tuna tsohuwar raɗa ta haɗa duka biyu a fure ɗaya, amma akasari rabon ya zauna. Shi ya sa har yau in ka shuka gwanda ba ka sanin wadda ka samu sai ta yi fure. Kuma shi ya sa mai lambu ke sare mazan, irin ta Jatau, ya bar guda can gefe. Ita ke ciyar da lambun duka, kuma in an zo rabon gwanda ba mai waiwayarta.